Ofis Goma, Kalanda Goma, Talaka Kuwa Mako Ɗaya Gare Shi

Daminar bara tafiya ta kai ni wani ƙauye cikin gundumar Buza, na sauka gidan maigari, dattijo mai haƙuri, na tarar da shi zaune da takardun kira har uku bisa tabarma yana jujjuya su. Ta farko daga ma'aikatan kiwon lafiya take, suna son a tara musu yara ƙanana domin rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro. Ta biyu wata ƙungiyar agaji ce ta aiko ta, za ta zo rubuta sunayen gidajen da za a ba tallafin hatsi. Ta uku kuwa shi kansa maigari ake nema a wani taro kan batun haraji, a garin da sai mutum ya yi sammako kafin ya isa. Dukkansu rana guda suka sa, kuma ranar ita ce ta kasuwar da mutanen ƙauyen ke ci, ga shi ana tsakiyar maimai.

Ba a tauna taura biyu, balle uku. Maigari ya tafi taron haraji, domin kiran hukuma ya fi ƙarfin a ƙi shi. Magidanta suka rabu tsakanin gona da kasuwa. Mata kuwa suka yi layi wajen masu rubuta sunaye, kuma ban ga laifinsu ba, tunda rumbu ya riga ya yi ƙasa. Ma'aikatan lafiya suka bi gida gida suna iske ƙofofi a rufe. Na tabbata kowane ayari da ya koma ofis ya rubuta cikin rahotonsa cewa jama'a ba su ba da haɗin kai ba, alhali kuwa ofisoshin ne ba su haɗa kansu ba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin ƙaramar asara. Maganin nan da ake ba yara masu wata 3 zuwa 59 yana da lokacinsa: sau ɗaya kowane wata a watannin damina, kwana uku a jere, kuma kariyarsa ba ta wuce kimanin wata guda. Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara wannan aiki a Nijar a 2013, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Yaron da zagaye ɗaya ya wuce shi, ya shiga watan da sauro ya fi yawa ba shi da garkuwa. Rubuta sunayen masu karɓar hatsi kuwa ana iya ɗaga shi kwana biyu ba tare da kowa ya cutu ba. Da ma'aikatan biyu sun ga ranakun juna tun da wuri, da magana ta ƙare cikin buga waya ɗaya.

Yankin Adar da Majiya ya daɗe da sanin yawan masu aiki a cikinsa. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta soma dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya, sannan a 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO, inda iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a kai suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Bayan zaɓen 2004 kuma ƙananan hukumomi suka samu: 6 a gundumar Madawa, 7 a Buza, 4 a Keita, wato 17 ke nan, kowace da tarurrukanta. Ko da aka rushe majalisunsu a 2024 aka naɗa masu riƙo, tarurrukan ba su ragu ba. A ƙara da ofishin noma, da na dabbobi, da na gandun daji, da na makarantu, da na lafiya, da hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta haifar. Kowane da kalandarsa manne a bangon ofishinsa, ko cikin aljihun shugabansa.

To, a manyan ma'aikatu na duniya an daɗe da samo wa wannan ciwo magani, kuma ba wani abin al'ajabi ba ne. Kowane sashe yana riƙe da kalandarsa a kwamfuta, shi kaɗai ke da ikon rubutawa ko gogewa a cikinta. Sai a buɗe shafi guda a intanet na cikin gida, wato wanda ma'aikatan wurin kaɗai ke shiga, a ɗora kalandun bisa juna kamar an jera takardu masu shara-shara, kowane sashe da launinsa. Wanda ya duba ranar Talata zai ga ja da kore da shuɗi sun taru wuri ɗaya, ya san akwai karo. In sashen lafiya ya sauya rana a tasa kalandar, sauyin zai bayyana a babban shafin ba tare da an sake rubuta komai ba. Manhajoji irin su Outlook da Google Calendar duk suna yin haka, kuma tun 1998 akwai wani tsari mai suna iCalendar da ke sa su karanta kalandun juna, saboda haka ba dole ba ne kowa ya sayi kaya iri ɗaya. Har ma ana iya ɓoye abin da taron ya ƙunsa, a nuna rana da wuri kawai.

Sai dai ni a ganina, in aka tsaya ga haɗa kalandun ofisoshi kaɗai, an yi rabin aiki. Kalandar da ya kamata a fara shimfiɗawa a ƙasa, sauran su hau kanta, ita ce ta jama'a, wadda ba wanda ya taɓa rubutawa domin kowa ya san ta da ka. Ranakun kasuwa na mako mako, irin su Tunfafi da Tamaske da Ibohaman, inda ɗan kasuwa ba zai bar cinikin dabba ya zo ya saurari jawabi ba. Juma'a. Azumi da salloli, waɗanda ke matsowa da kwana kusan 11 kowace shekara, shi ya sa ma'aikacin da ya kwafi tsarin bara yakan sha mamaki. Shuka da noman farko da maimai da girbi. Lokacin cirar albasa, da babu magidancin da zai amsa kira. Komawa makaranta a Oktoba. Sannan ranar sakin gonaki da hukuma ke tsaidawa bayan girbi, wadda rashin saninta kan jawo rikici tsakanin manomi da makiyayi har a kai ga zubar da jini. Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Damagaram bai san waɗannan ranaku ba, kuma ba laifinsa ba ne. Rubuta masa su ya kamata a yi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi. Wasu shugabannin ofis ba su son a ga kalandarsu, domin ranar da aka ga ofisoshi uku za su gari ɗaya, wani zai tambaya me ya hana su shiga mota ɗaya. Daga nan sai maganar kuɗin mai da kuɗin rangadi ta taso. Wannan cikas ya fi na kwamfuta girma, kuma babu manhajar da za ta kawar da shi sai umurnin firefe.

Shi ya sa nake ganin aikin nan a ofishin firefe ya kamata ya zauna, a hannun babban magatakarda, da mutum ɗaya da aka sani da suna wanda zai riƙa duba shafin kowace Litinin, ya kira waɗanda ranakunsu suka yi karo. Ƙa'idar ma ɗaya ta isa: rangadin da ba a shigar ba kwana goma kafin ranarsa, ba a aika wa maigari takarda a kansa, sai fa in annoba ce ko gobara. Kuma a tuna cewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, kwamfutoci da yawa suka zama kayan ado. Saboda haka kowane mako a buga shafin a takarda, a manna shi a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma da bakin tasha, a aika hotonsa ta WhatsApp ga sarakuna da masu gari, gidajen rediyon karkara kuma su karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci daren jajibirin kasuwa.

Da na koma ƙauyen nan bayan girbi, maigari ya nuna mini wani littafin ɗan makaranta da ya sa jikansa ya ja wa layuka, kwana bakwai a kowane shafi. Duk takardar kiran da ta zo, yaron ne ke shigar da ita, in ta faɗa kan wata sai dattijo ya mayar da ɗan aike da amsa tun kafin ya sha ruwa.