Kwatano: Garin da Damina Ke Sauka Sau Biyu

Birnin Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, yana zaune ne a kan wani siririn rairayi tsakanin Tekun Atilantika daga kudu da tafkin Nokuwe daga arewa, kuma tashar jiragen ruwansa ta daɗe tana janyo 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci daga Maraɗi da Yamai da Kano, waɗanda da yawansu kan sauka a unguwar Zango. Abin da ya fi rikita irin waɗannan baƙi shi ne lissafin lokutan shekara, domin sun taso da sanin damina ɗaya, alhali a nan sau biyu take sauka.

Babbar damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, lokacin da manomin Katsina bai daɗe da yin shuka ba. Ƙaramar kuma tana zuwa daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A tsakaninsu akwai Agusta, watan marka a ƙasar Hausa, amma a Kwatano ruwa ɗaukewa yake yi, gari ya lumshe, sanyi ya sauko. Dalili kuwa shi ne hadarin ya riga ya haura arewa, sannan a daidai wannan lokaci ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku zuwa samansa, ya sanyaya iskar da ke bisa, ita kuma iska mai sanyi ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari. Wannan sanyin teku, tare da yadda gaɓar ta miƙe kusan a jere da hanyar iskar damina, yana cikin abin da ya sa ruwan da Kwatano ke samu, kimanin milimita 1,300 a shekara, bai kai na Legas ba duk da kusancinsu. Masana suna kiran wannan yanki Giɓin Dahome, wato wurin da kurmin Afirka ta Yamma ya yanke, daga gabashin Gana zuwa Benin.

Zafin garin ma yana yaudarar baƙo. Ma'auni ba kasafai yake wuce digiri 33 ba ko a Maris, alhali na Yamai kan haura 40 a Afrilu, amma laima, wato danshin da iska ke ɗauke da shi, takan kai kashi 80 cikin 100, don haka zufa ba ta bushewa a jiki. Rigar da aka shanya da safe sai ta kai la'asar da sanyi-sanyi, takalmin fata ya yi funfuna a cikin jaka, kilishin guzuri ya yi laushi, ƙarfen mota kuma gishirin iskar teku ya sa masa tsatsa. Hunturu yana leƙowa a Disamba da Janairu da ɗan hazo, sai dai ba ya fasa leɓe.

Inda lamarin ya fi buƙatar kula shi ne ambaliya. Garin shimfiɗe yake, kusan daidai da teku, ruwan ƙasa kuma yana kusa, saboda haka ruwan kwana biyu a Yuni ya isa ya cika lunguna har 'yan zemijan, wato 'yan acaɓan garin masu rawayar riga, su riƙa ɗage ƙafafu suna ratsa shi. Akwai kuma ambaliya ta biyu wadda ba daga saman garin take zubowa ba: ruwan da aka sheƙa a arewacin ƙasar yana gangarowa ta kogin Weme zuwa tafkin Nokuwe a Satumba da Oktoba, tafkin ya tumbatsa ya shiga gidajen bakinsa, kamar yadda aka gani da muni a 2010. Abin takaici ne cewa talakan da ya gina a fadama don rashin fili shi ne yake fara kwana a cikin ruwa, kuma sauro yana biyo baya, wanda ya sa gidan sauro ya zama wajibi ga mazauni da baƙo.

Mai niyyar zagaya kasuwar Dantokpa ko fito da kaya daga tasha zai fi samun sauƙi daga Disamba zuwa Fabrairu, ko kuma a Agusta. Amma Agustan nan mai daɗin iska yana cikin lokutan da teku ya fi tashi, kuma a gaɓar teku ta unguwar Fijrose akwai igiyar ruwa da ke janye mutum ta yi ciki da shi, ko da ya saba iyo a kogin Kwara.