KUƊIN GIDAUNIYA: INA RABON ƘAURA DA SHINKAFI DA ZURMI?

Jama'a 'yan'uwa talakawa, kullum muna ji a rediyo wai gidauniya kaza ta ware kuɗi domin taimakon ƙungiyoyin sa-kai. To, muna tambaya: cikin 'yan kasuwar Shinkafi da na Zurmi da na Ƙauran Namoda, wa ya taɓa ganin ƙungiyarsu ta riƙe ko da kwabo daga kuɗin nan?

Gidauniyoyin kuwa suna nan. Ta Ford, ta mutanen Amurka, tana da ofis a Ikko tun 1960. Ta MacArthur ta buɗe nata a ƙasar nan a 1994. Janar T. Y. Danjuma ya kafa tasa a 2009, aikinta kuwa ba ƙungiyoyi kuɗi su yi aikin lafiya da ilmi. Bukata ma ba a ɓoye ta ke ba. Cikin watan Yuni 1924 ba mu ce ba, cikin watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 97,149 a ƙasar Shinkafi da Zurmi, aka tarar kashi 27 cikin 100 tamowa ta kama su. Watau cikin yara huɗu, fiye da ɗaya! Duk da haka, a shekarar nan shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya jihohin Borno da Adamawa da Yobe kaɗai ya dosa. Mu da 'yan bindiga suka kore mu daga gonakinmu, ba a sa mu cikin lissafi ba.

Ina dalilin da kuɗin gidauniya ke tsallake mu? Takarda. Gidauniya ba ta ba da kuɗi ga wanda ba ta gani a rubuce ba. Sai ƙungiya ta yi rajista da hukumar CAC, ta fid da amintattunta, ta rubuta dokokinta, ta buga sanarwa a jaridu, ta jira kwana 28 ko wani zai kawo suka. Sa'an nan ta nemo takardar SCUML daga hannun EFCC, in ba ita banki ba zai buɗe mata asusu ba. Bayan duk wannan ga fom ɗin neman kuɗin kansa, da Turanci, a intanet. A intanet fa, a jihar da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako cikin 2021!

Nan ne masu kwat da jaka suka sami shiga. Mutum yana zaune a birni, ƙungiyarsa duka tana cikin jakar hannunsa: shi ne shugaba, ƙanensa ma'aji, matarsa sakatariya. Ya iya Turanci, shi ke nan jarinsa. Ya zo rana ɗaya da mota, ya tara 'yan gudun hijira, ya ɗau hoto, ya koma kafin la'asar don tsoron hanya. Kashegari sunan garinmu na cikin rahotonsa. Turancin nan mu ma mun zauna a benci mun koye shi, ba wahayi ba ne, kuma bai taɓa dafa wa maraya kunu ba. Wa ya ciyad da mutanen ƙauye ran da suka kwararo gari da tabarmi a ka? Mahauta da 'yan hatsi da direbobin tasha da matan adashi. Su ne ƙungiyoyin gaskiya, su ne kuma ba su da hatimi.

Kada kuma Gwamnati ta laɓe bayan masu kyauta. Ya zuwa 2016 gidauniyar Gates da ta Ɗangote sun ƙulla yarjejeniyar rigakafin yara da jihohi shida: Kano, Bauchi, Kaduna, Sakkwato, Yobe da Borno. Sharaɗin shi ne jiha ta zuba nata kason, kowace shekara yana ƙaruwa har ta ɗauki nauyin duka. Zamfara ba ta cikin shidan nan. Masu mulkin Gusau na lokacin su ya kamata su gaya mana dalili. Wanda kuwa ya ke tsammani kuɗin waje ba ya yankewa, ya tuna 2025, sa'ad da Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID.

Ga abin da mu ke nema. Gidauniyoyi su fid da sanarwarsu da Hausa, a karanta ta a rediyo, su karɓi fom da Hausa. Duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗi da sunan Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura, ta manna adadin a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya gani.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku zauna jira. Ku haɗa ƙananan ƙungiyoyinku su zama ɗaya a kowane gari, kuɗin rajista ya yi sauƙi. Ku zaɓi amintattu daga cikinku, ba ɗan Sarki ko yaron Ciyaman ba. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta kowane buhu da kowace naira da kuka bayar, da rana da sa hannu, gama shi odita zai fara tambaya. 'Ya'yanku na nan a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura, su cika muku fom. Wanda duk ya ce ku ba shi kuɗi tukuna ya samo muku tallafi, ku tambaye shi sunan gidauniyar da adireshinta a gaban shaidu, ku kawo mana mu buga.