A Ƙyale Kalangu Ya Yi Fushi

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata waɗanda ba ku daɗe da barin aji ba, ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda manyanmu suke ɗauka shirmen yara ce.

Kwanan baya mun shiga motar haya daga Jega za mu Aliero, sai direba ya sa wata tsohuwar waƙar Gambo. Kalangu yana tafasa, murya tana fita da kaushi, har kwandasta ya shiga kaɗa kai. Ba mu yi nisa ba sai wani mai babbar riga da ke gidan gaba ya juyo ya ce, "Direba, kashe mana wannan haukar." Direba ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya sauya zuwa waƙar wani ɗan siyasa, inda mawaƙi ya kwashe wajen minti ashirin yana rantsuwa cewa uban gidansa ya share wa talakawa hawaye. Duk motar babu wanda ya ce uffan, alhali kuwa kuɗin motar da muka biya ya ninka abin da ake biya kafin a janye tallafin man fetur a shekarar 2023. Tun daga ranar muke tambayar kanmu: tsakanin waƙoƙin nan biyu, wace ce haukar?

Ra'ayinmu shi ne, kiɗa mai sauri, mai zafi, mai fushi yana da haƙƙin zama a cikinmu, kuma al'ummar da ta toshe masa baki ta bar banbaɗanci kaɗai yana yawo, to ta cuci kanta. Domin mu kafa hujja, bari mu fara ƙetare teku, sa'an nan mu dawo gida.

A ƙarshen shekarun 1970 wani irin kiɗa ya ɓullo a Amurka da Ingila wanda suke kira hardcore punk, mu kuwa za mu kira shi kiɗan fushi. A Kalifoniya akwai ƙungiyar Black Flag da aka kafa a 1976, da Dead Kennedys da ta fito a San Faransisko a 1978. A birnin Washinton akwai Bad Brains, wadda samari huɗu baƙar fata suka kafa, sai kuma Minor Threat wadda ta rayu daga 1980 zuwa 1983 kawai. A Ingila akwai Discharge. Yawanci mutum huɗu ne: mai ganguna, mai jita, mai babbar jita mai gurnani, da mai waƙa wanda ihunsa ya fi rerawarsa yawa. Waƙa ɗaya ba ta cika wuce minti biyu ba, wata ma ba ta kai minti ɗaya, bugun ganga kuwa yakan kai ɗari biyu a minti guda. Wanda ya ji shi karon farko zai rantse faɗa ake yi a maƙera.

To me ya ja dubban matasa zuwa ga wannan hargowa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Zamanin Margaret Thatcher ne a Ingila, inda marasa aikin yi suka haura miliyan 3 a 1982, kuma zamanin Ronald Reagan ne a Amurka, ga fargabar yaƙin nukiliya. Manyan mawaƙan lokacin sun zama attajirai, suna waƙoƙi masu tsawo da ado a filayen da sai mai kuɗi ke shiga. Yaron da ya gama makaranta bai sami aiki ba ya saurara bai ji kansa a ciki ba, sai ya ɗauki jita ya yi nasa.

Abu na farko da ke jan rai a kiɗan nan shi ne saurinsa. Wanda aka ba minti ɗaya ya faɗi damuwarsa ba shi da lokacin gaishe-gaishe da kewaye-kewaye, dole ya tafi kai tsaye ga inda ke masa ciwo. Ƙarya ce take bukatar dogon zance da kwalliya. Abu na biyu, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, domin wanda ya iya kama waya uku ko huɗu a jita ya isa ya hau dandali, kuma tsakanin mai waƙa da masu sauraro babu shamaki, yau kana ƙasa kana tsalle, gobe kai ne riƙe da makirufo. Abu na uku, wanda ya fi duka muhimmanci a wurinmu, shi ne 'yancinsa. Da manyan kamfanoni suka juya musu baya, sai suka kafa nasu. Greg Ginn na Black Flag ya riƙa fitar da faifai da sunan SST, Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa Dischord a 1980, suna naɗe kwalin faifai da hannunsu, suna sayarwa da araha, suna wasa a ɗakunan taro da gidajen ƙasa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su ba su ci ladan kowa ba, saboda haka babu wanda suka yi wa aski.

Yanzu sai mu dawo gida, domin wanda ya ce wannan zafi baƙon abu ne a ƙasar Hausa, to bai taɓa tsayawa a filin dambe da kaka ba. Kalangun mahauta idan ya ɗauki taken ɗan dambe, ba lallashi yake yi ba, zuga ce tsagwaronta, har sai tsikar jikin matsoraci ta tashi. Muhammadu Ɗan Anace bai yi suna da taushin murya ba, ya yi suna ne da yadda yake cusa wa Shago da sauran 'yan dambe wuta a zuciya. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri kiɗan da ke sa namiji ya manta da kaifin wuƙa. Gangar noma ma haka take, gudunta ne ke jan gayya har a ga ƙarshen gona. Waɗannan duka kiɗan talaka ne, na mai gumi, kuma sun sha bamban da kiɗan fada mai tafiyar ƙasaita. A nan ƙasarmu ta Maiyama kuwa, a ƙauyen Fagada, aka haifi Muhammadu Gambo, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi, mutumin da ya ɗauki kalangu ya shiga da shi inda sauran makaɗa suke tsoron leƙawa. Ya rasu a 2016, amma har gobe direbobi da 'yan kasuwa ba su daina sauraronsa ba.

Mun san abin da za a ce, kuma ba za mu kauce masa ba. Za a ce Gambo ɓarayi ya wasa, kuma a jihar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, wane mai hankali zai tsaya kare irin wannan waƙa? Wannan magana tana da nauyi. Sata haram ce, wanda aka fasa wa ɗaki da dare bai ga abin dariya a waƙar ba, kuma Gambo da kansa ya ajiye ta kafin ƙarshen rayuwarsa. Duk mawaƙin da a yau zai ɗauki makirufo ya wasa mai kashe manoma a daji, mun la'anci aikinsa, domin shi ma maroƙi ne, uban gida kawai ya sauya, ya bar mai biro ya koma wa mai bindiga. Amma a yi mana adalci a amsa wannan: me ya sa dubban mutanen kirki, waɗanda ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, suke jin daɗin Gambo? Mu dai a ganinmu, abin da suke ji a ciki shi ne muryar da ba ta durƙusa ba, wadda take fallasa cewa a garin nan akwai ɓarawon da ake ɗaurewa da kuma ɓarawon da ake yi wa guɗa. Wannan rashin tsoro shi muke so mu gada, mu bar wa kabari yabon sata.

Za a kuma ce kiɗan fushi na 'yan ƙwaya ne da 'yan iska. Gaskiya ne an sha doke-doke a wuraren wasansu, har masu wariyar launin fata sun yi ƙoƙarin kutsawa ciki, sai da mawaƙan kansu suka fito suka yaƙe su da baki. Mu ma ba mu ji daɗin yadda jagoran Dead Kennedys ya laƙaba wa kansa suna Jello Biafra ba, domin yaƙin da ya ci rayukan 'yan ƙasarmu daga 1967 zuwa 1970 ya wuce abin yin laƙabi. Sai dai masu wannan zargi ba su san cewa daga cikin kiɗan nan ne aka sami wata waƙar Minor Threat ta 1981 mai suna Straight Edge, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta haifar da jama'ar matasa masu ƙin giya da taba da ƙwaya, suna zana alamar X a bayan hannu don a shaida su. Ashe ana iya yin fushi da hankali garau. Mu da muke ganin yadda maganin tari da ƙwayoyi suke cinye ƙannenmu, ya kamata mu yi tunani a kan wannan.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da za mu faɗa wa gaskiya. Yaga wando a gwiwa da tara gashi da ɗaga murya a ɗakin kwana ba su mai da kowa ɗan gwagwarmaya. Wanda ya kwaikwayi tufafin ya bar ma'anar, ya sayi kube ne babu wuƙa. Fushin da ba shi da alƙibla hayaniya ce, kuma masu mulki ba su taɓa jin tsoron hayaniya ba. Abin da suke tsoro shi ne waƙar da ta san inda ta dosa. Fela Anikulapo Kuti bai yi kiɗa mai gudu irin na waɗancan ba, nasa dogo ne, amma da yake kibiyarsa ta sami wurin suka, sai da sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta a watan Fabrairun 1977, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. A shekarar da ta biyo baya, 1978, ɗalibai suka fito zanga-zangar da aka sani da Ali Must Go a kan ƙarin kuɗin abinci, aka harbe wasu a Legas da Zariya. Ba mu taɓa jin an ƙone gidan maroƙi saboda banbaɗanci ba.

Yau fa? Jami'o'in ƙasar nan da yawa sun yi wata takwas a rufe a 2022. Manomin albasa a Aliero yana kallon rabin wahalarsa tana ruɓewa don rashin wurin ajiya mai kyau, ko kuwa ya sayar da arha lokacin da kasuwa ta cika. Mai digiri yana tuƙa babur a Jega. Ƙaramin ma'aikaci albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Duk da haka, da zarar kakar zaɓe ta zo, sai mawaƙanmu su yi layi a ƙofar masu neman kujera, kowa da na'urar gyaran murya, suna zuba zuma a kan gyambo. Ina wanda zai yi wa manomin albasa waƙa ta minti ɗaya, mai zafin da ya kai zafin ranar da yake sha?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ware dare guda a kowane zangon karatu domin waƙoƙin da ba a yi wa kowa don kuɗi ba, bisa sharaɗi uku: babu yabon mai mulki, babu yabon mai laifi, babu liƙi. A gayyato makaɗan kalangu daga ƙauyukan Maiyama da Jega su zauna da masu jita da kwamfuta, a ga abin da zai fito. Masu nazarin Hausa a cikinmu su tattara tsofaffin kaset-kaset kafin su lalace. Wanda ke da wayar hannu kuwa ya sani yana riƙe da kayan aikin da ya fi abin da yaran Washinton suka mallaka a 1980, saura kawai ya sami abin faɗi da zuciyar faɗinsa.

Ga mai babbar rigar nan na gidan gaba kuma, muna gaishe shi da girmamawa irin wadda ta dace da uba. Amma ranka ya daɗe, idan an sake haɗuwa a mota, za mu roƙi direba ya bar kalangun ya ƙarasa maganarsa.