Tramol: Rahama Ga Majinyaci, Fitina Ga Matashi

Morfin da Tramol ba sa warkar da cuta, saƙon raɗaɗi suke toshewa a laka da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likita kan auna wa mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata, malamai kuma suka halatta saboda larura.

To amma matashin da ke afa ƙwaya don ya wuni a gonar shinkafa a fadamar Auyo fa? Jikinsa na lalacewa bai sani ba. Yau ɗaya, gobe biyu ba su isa ba, ƙarshenta jijjiga ko ɗaukewar numfashi.

Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwaya ba ta ɓace ba. Wajibi ne 'yan uwa su yi wa juna nasiha, jiki amanar Allah ne. Allah Ya tsare.