Degel Ma Ƙauye Ne

A kowane ƙaramin gari da ke kewaye da Sakkwato ba a rasa matashi ɗan shekara 17 ko 18 da ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa sakandare, yanzu kuma yana zaune bakin tasha yana ƙirga motocin da ke tafiya birni. Malamin makarantar unguwarsu ya tsufa, alluna sun yi ƙura, dattawa sun fara kallonsa. Shi kuwa zuciyarsa na raya masa cewa sai ya shigo birni ya kama kabu-kabu sannan zai zama mutum.

Babu shakka talauci gaskiya ne, kuma ba a zargin wanda ya fita neman halal don ciyar da iyayensa. Amma wanda abin da ke korarsa kawai shi ne raina garinsu da raina shekarunsa, to ya kamata ya waiwayi tarihin wannan birni da yake ɗoki.

An haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo (Allah Ya yi masa rahama) a Maratta a 1754, ya tashi a Degel, ƙauyen malamai da makiyaya wanda ba fada ba kasuwa ta a zo a gani. A nan ya soma wa'azi wajen 1774, yana ɗan shekara 20. Bai jira rawani daga Alƙalawa ba, bai kuma jira furfura ba. Ƙanensa Abdullahi yana yaro ɗan shekara 13 ya zauna gabansa ɗaukar karatu, daga baya ya bi shi yawon wa'azi har Zamfara. Shekara 30 cur aka yi ana karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Wannan fa shi ne ɓangaren da matasa ba su cika son ji ba. Sun fi son labarin Tafkin Kwatto.

A lokacin hijirar Muhammadu Bello bai kai shekara 25 ba. Shi ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808, ya kuma gina Sakkwato a 1809, a wurin da kafin nan ɗan ƙauye ne kawai.

Sai dai laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Dattawan da ke kukan makaranta ta mutu, sau da yawa su ne ke cewa "yaro ne" idan ya miƙe, alhali Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗora Usama ɗan Zaidu kan rundunar da manyan Sahabbai ke ciki, bai cika shekara 20 ba. Idan har suna son ya zauna, to su miƙa masa mabuɗin makarantar a gaban jama'a, su yanka masa gonar da zai noma, su kuma sa malami babba ya riƙa duba karatunsa. Shi kuma ya share zauren, ya tara ƙannensa ko da biyar ne, ya fara da su bayan sallar Asuba.