RA'AYINMU: Kada Mu Ce Tsufa Ne Mu Naɗe Hannu

'Yan'uwa, duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san Soron Ɗinki, unguwar da sunanta ma ya faɗi sana'arta. Jarin maɗinki idonsa ne. Ran da zare ya ƙi shiga kafar allura, ran nan abincinsa ya fara yankewa. Haka abin yake ga iyayenmu a ikkilisiya: ga baba ya daina karatu a gaban jama'a, ga mama ba ta gane jikanta sai ya yi magana. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, mu sayo musu tabarau a bakin titi, shi ke nan.

A bangon bayan ido akwai wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba, likitoci suna kiransa makula. Da shi muke karatu, da ɗinki, da gane fuska. Bayan shekara 50 wurin nan yakan soma lalacewa ga waɗansu. Babu zafi, babu ja. Mutum yana ganin gefe-gefe, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, amma tsakiyar abin da yake dubawa ta dushe, miƙaƙƙen layi kuma ya karkace. Cutar iri biyu ce. Busasshiyar ta fi yawa, a hankali take ci. Ɗanyar kuwa, sababbin jijiyoyi ne ke tsirowa suna yoyon ruwa da jini, tana iya cinye gani cikin makonni. Tun wajen 2006 ake da allurar da ake yi a cikin ido don tsayar da ita, amma sai an zo da wuri.

Ido ba shi kaɗai yake zaune ba, jinin da ke ciyar da zuciya da ƙoda shi ke ciyar da shi. Shan taba shi ne babban haɗarin da mutum zai iya kauce wa. An kuma danganta cutar da hawan jini, da ciwon zuciya, da ƙiba. Ciwon suga yana da tasa ɓarnar dabam, yakan sa jijiyoyin bayan ido su yi yoyo har makular ta kumbura.

Gaskiya ne cutar ta fi kama Turawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido da gilakoma ne kuma kan gaba. Amma a zaune a gida wa zai bambanta yana da lalacewar makula? Sai likita ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki.

Mu a Kano ba mu da hujja. Asibitin Ido na ECWA yana nan tun 1943, mutane suna zuwa masa daga nesa. Ga Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Abin kunya ne a ce na nesa ya zo ya sami magani, na kusa ya makance a ɗaki.

Saboda haka muna roƙon dattawa da zumuntar mata su ɗauki wannan kaya. A rubuta sunayen duk wanda ya haura 50, musamman masu suga da hawan jini, a ga an duba idonsu sau ɗaya a shekara. Matasa su raka su, gama bayan ɗiga maganin gani yakan yi hazo na 'yan sa'o'i. A koya musu gwajin gida: a rufe ido ɗaya, a dubi gefen ƙofa, sannan a sauya. In layin ya karkace ko tsakiyarsa ta ɓace, a tafi asibiti a makon nan. A daina taba, a riƙe maganin hawan jini ko da jiki ya yi daɗi, a yawaita zogale da alayyafo da kifi. In muna da maƙwabci maɗinki ko abokin ciniki a cikin birni, mu gaya masa shi ma, ciwo bai san unguwa ba.

Allah shi ba mu ikon kula da iyayenmu tun idonsu yana gani. Amin.