Ƙofar Majami'a Tsakanin Tsoro da Karɓar Baƙo

A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, birni na biyu mafi girma a Jihar Adamawa. Kafin nan Gwoza ta faɗa hannunsu a watan Agusta, Michika kuma a Satumba. A wannan rana ce suka mamaye Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato cocin da aka fi sani da EYN. Shugabanninta suka tsira da ƙyar, daga baya suka buɗe ofishin wucin gadi a Jos. Dubun-dubatar jama'a, Musulmi da Kirista, suka kwarara zuwa Yola, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Jos da Abuja.

Sansanonin gwamnati ba su ɗauki mafi yawan waɗannan mutane ba. Gidajen talakawa ne suka ɗauke su, tare da harabar masallatai da majami'u. Magidanci mai ɗaki biyu ya wayi gari da iyalai uku a tsakar gidansa. Abin da ya kamata a tsaya a yi nazari a kai shi ne yadda mutanen da ba su da kasafin kuɗi, ba su da horo kan agajin gaggawa, suka san abin yi tun daren farko. Ta ɓangaren majami'u, amsar tana cikin abin da suke yi kowane mako tun kafin masifa ta zo. Wannan gado ne mai daraja ga Arewa baki ɗaya, kuma yau yana fuskantar barazana daga waje da kuma daga cikin gida.

Daga gindin tsamiya

EYN ta samo asali ne a ranar 17 ga Maris, 1923, sa'ad da wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Sun fito ne daga cocin 'Yan'uwa, wadda aka kafa a ƙasar Jamus a 1708, kuma tana cikin ƙananan ɗarikun Kirista da suka yi suna wajen ƙin ɗaukar makami. Aikinsu ya bazu tsakanin Bura da Margi da Kilba da Kamwe da mutanen Chibok. Sun gina makarantu da asibitoci. A asibitinsu na garin Lassa ne aka fara lura da zazzaɓin nan da ya ɗauki sunan garin, a 1969.

Kowace daga cikin waɗannan ƙabilu tana da harshenta, don haka Hausa ce ta zama igiyar da ta ɗaure su. Tun da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya zama harshen wa'azi da waƙa da taron majalisa a majami'u masu yawa na Arewa. Ko sunan haɗakar da EYN take ciki, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, da Hausa aka raɗa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga zancen baƙunci. Bamargiyar da ta gudo daga Lassa ta sauka a Jos za ta shiga majami'ar da ba ta san kowa ba, amma ta ji waƙar da ta haddace tun tana yarinya, da harshen da take ciniki da shi a kasuwa. Rabin baƙuntarta ya ƙare ke nan tun kafin a yi mata sannu da zuwa.

Abin da mako yake ɗauke da shi

Wanda yake kallo daga nesa yakan ɗauka rayuwar coci ta Lahadi ce kaɗai. A haƙiƙa Lahadi tana tattara abin da aka shuka ne cikin sauran kwanaki shida. Ranakun sukan bambanta daga wannan majami'a zuwa waccan, amma tsarin kusan ɗaya ne: addu'ar safiya kafin a tafi gona ko ofis, nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, koyon waƙa na ƙungiyar mawaƙa, taron matasa, zaman dattawan ikilisiya, sai kuma taron Zumuntar Mata.

A kan wannan na ƙarshe ya dace a daɗe. Zumuntar Matan Ekklesiya ita ce ƙashin bayan majami'a, kuma duk faston da ya san aikinsa ya san haka. Ana ganin su ranar Lahadi cikin zane iri ɗaya, suna waƙa da ganga da tulu da caki, ɗaya tana bayarwa sauran suna amshi. Abin da ba a gani shi ne littafin da sakatariyarsu take riƙe da shi: wa ta haihu, wa ke kwance a asibiti, wa mijinta ya rasu, ɗan wa aka koro daga makaranta don kuɗi. Kowace takan kawo abin da ya sawwaƙa, mudun masara ko sabulu ko 'yan canji, a raba mata rukuni-rukuni su tafi ziyara. In an yi rasuwa, su ne za su ɗora tukunya su ciyar da masu zaman makoki. In an yi aure, su ne za su san inda dangin ango da suka zo daga nesa za su kwana.

A cikin sujadar Lahadi kuwa, akwai wani ɗan lokaci da ake keɓewa, galibi dab da sanarwa, inda ake roƙon duk wanda ya zo karo na farko ya miƙe ya faɗi sunansa da inda ya fito. A yi masa waƙar maraba, na kusa da shi su miƙa masa hannu, bayan an tashi wani dattijo ya tsaya ya ji abin da ya kawo shi. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗalibi sabon zuwa, ko mai jinya da ya kawo mara lafiya babban asibiti, sau da yawa ta nan yake samun masauki da wanda zai nuna masa gari.

EYN tana da wata al'ada kuma da ta gada daga iyayenta, wadda ake yi lokaci-lokaci tare da Jibin Ubangiji: masu bi su durƙusa su wanke wa juna ƙafa, maza a gefe, mata a gefe. Babban ma'aikaci yana iya samun kansa riƙe da ƙafar manomin da ya tako daga ƙauye. Wanke ƙafar matafiyi shi ne aikin farko na mai masauki a zamanin da, kuma wanda ya saba yin sa da hannunsa ba zai ga ƙasƙanci ba in an ce ya shimfiɗa wa ɗan gudun hijira tabarma a falonsa.

Ma'anar duk wannan ita ce, a majami'a karɓar baƙo aiki ne da ake maimaitawa har ya zama jiki, da sanannun masu yin sa, da asusu, da rajista. Tausayi kowa yana da shi. Abin da yake wuya shi ne a san wa zai dafa, wa zai rubuta suna, wa zai zagaya gida-gida neman ɗaki. Sa'ad da 2014 ta zo, aikin bai canza ba, yawansa ne ya ninka.

Inda gizo yake saƙa

Barazana ta farko ita ce tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. An tayar da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. An kai hari kan masu sujada a Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012, sannan majami'u a Zariya da Kaduna a watan Yuni na wannan shekarar. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne. Garkida kanta, inda aka fara, an kai mata hari a Fabrairun 2020, aka ƙona majami'u. Masallatai ma ba su tsira ba: babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, da wani masallaci a Mubi a Nuwamban 2017. Sakamakon haka aka dasa shingaye, aka sayi na'urar bincike, aka hana shiga da jaka, aka sa matasa su riƙa lura da duk baƙuwar fuska.

Babu mai hankalin da zai ce a cire waɗannan matakai. Dattijon da ya binne 'yan majami'arsa ba ya buƙatar a yi masa lacca kan buɗe ƙofa. Amma akwai farashin da ba a cika lissafawa ba. Yaron da aka haifa a 2012 ya taso yana ganin cewa abu na farko da ake yi wa baƙo shi ne a laluba jikinsa. In ba a yi hattara ba, matakin da aka ɗauka don larura zai rikiɗe ya zama hali, a wayi gari an tsare ginin an rasa abin da aka gina shi dominsa. Bincike a ƙofa da kyakkyawar tarba ba sa karo da juna: wanda ya riƙe na'ura yana iya zama mutumin da ya fi kowa sakin fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wannan abu ne da ya kamata a koyar da shi da gangan, kamar yadda ake koyar da waƙa.

Barazana ta biyu ta fi shiru. A manyan birane majami'u da yawa sun rabu gida biyu, sashen Turanci da sashen Hausa, kowanne da lokacinsa, wani lokaci ma da gininsa. Dalilin yana da ma'ana, domin akwai 'ya'yan da suka taso ba sa jin wa'azin Hausa sosai. Sai dai a aikace rabuwar takan bi layin aljihu: likita da lauya da ma'aikacin banki a wannan sujada, mai gadi da 'yar aiki da ɗan gudun hijira a waccan. Mai ɗakin da babu kowa a ciki da mai neman wurin kwana sun daina haɗuwa a benci ɗaya. Zumunta a ƙafa take, kuma kuɗin da aka tura ta waya, komai yawansa, ba ya maye gurbin ziyara.

Zargin da ya cancanci amsa

Akwai masu cewa wannan karamci na 'yan gida ne kawai, ko kuma ƙugiya ce da aka sa wa tsutsa don jan mutane zuwa addini. Zargin ba ya rasa tushe. An ga inda agaji ya bi layin ƙabila ko ɗarika, an kuma ga inda mabukaci ya ji kamar ana jiran ya biya da imaninsa. Duk inda haka ta faru, ciniki aka yi, kuma dattawan majami'a ne ya kamata su fara tsawatawa.

Amma akwai misalan da suka nuna cewa al'adar tana iya tsallake katangarta. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na cocin Katolika ya buɗe harabar babbar majami'arsa ga 'yan gudun hijira a 2014, kuma da aka gina musu rukunin gidaje a bayan gari, wanda aka buɗe a 2021, an haɗa har da masallaci don Musulmin da ke cikinsu. Ya sha suka daga wasu mabiyansa a kan haka. A Gurku ta Jihar Nasarawa, wani ma'aikacin EYN, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni inda iyalan Musulmi da Kirista da suka gudo daga Arewa maso Gabas suke zaune tare. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Labarin Annabi Ibrahim da baƙin da ya yanka wa maraƙi tun kafin ya san ko su waye yana cikin littattafan addinan biyu, kuma Bahaushe ya taƙaita darasin da cewa baƙonka annabinka.

Abin da ya rage a yi

Ga majami'un kansu, aikin a fili yake. A horar da masu tsaron ƙofa kan tarba kamar yadda ake horar da su kan bincike. A riƙa haɗa sashen Hausa da na Turanci a sujada ɗaya a kai a kai, a kuma haɗa su a rukunin ziyara. A ba Zumuntar Mata kujera a inda ake yanke shawarar kashe kuɗi, tunda su suka san inda buƙata take. A rubuta a ƙa'ida cewa agajin gaggawa ba ya tambayar addini.

Ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji kuwa, waɗanda da yawansu Musulmi ne da ba su taɓa leƙa cikin majami'a ba, darasin shi ne cewa a unguwannin da suke zana wa taswira akwai mata masu riƙe da sunan kowace gwauruwa da kowane maraya, kamar yadda kwamitocin masallatai da 'yan agaji suke da nasu. Tsarin agajin da ya zuba komai a sansani ya manta da gidajen da suka ɗauki mafi yawan nauyin ya bar masu masauki su talauce tare da baƙinsu, kuma magidancin da rumbunsa ya ƙare a wannan karo zai yi jinkirin buɗe ƙofa a karo na gaba. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024 ta nuna cewa karo na gaba ba ya nisa. Tallafa wa mai masauki, ko a coci yake ko a masallaci, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gina sabon sansani, kuma ya fi kare mutuncin wanda ya rasa gidansa.